Ma'aikatan cikin jirgin sama: mutum nawa doka ta ce, kuma wa ake kamawa da alhaki idan abu ya ɓaci?

Waɗannan tambayoyi ne da suka taru a hannuna daga mutanenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, a nan Accra, ko Ankara kamar yadda dattawan zango ke faɗa. Wasu an yi mini su a wurin bitar maniyyata, wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar, wasu kuma daga 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Cana da Turkiyya. Sana'ata yankar wa mutane tikiti da raka su filin jirgi, kuma na daɗe a cikinta. Na bar tambayoyin da lafazin masu su.

Malam, waɗannan 'yan mata da samari masu raba abinci, ainihin aikinsu me ne?

Aikinsu ƙofa. Rabon abinci da shayi ƙari ne da kamfani ya ɗora musu don ya ja kasuwa. Jirgi yana iya tashi ba lomar abinci ko ɗaya a cikinsa, doka ba ta ce komai ba. Amma in ma'aikaci ɗaya ya gaza daga adadin da aka ƙayyade, ba a barin jirgin ya tashi haka nan.

Da yawa daga cikinmu kallon yaron mota muke yi musu, irin na trotro mai karɓar kuɗi yana kiran tasha. Wannan kuskure ne da ke damuna ƙwarai, domin shi ke sa dattijo ya ji haushi in yarinya sa'ar jikarsa ta ce ya zauna. Yarinyar nan an koya mata kashe wuta, da fitar da mutane cikin duhu da hayaƙi, da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da karɓar haihuwa in ta kama. Tun asali ma haka abin yake: Ellen Church, macen da ta fara wannan aiki a Amurka a 1930, ma'aikaciyar jinya ce.

To mutum nawa ya kamata a samu a jirgi ɗaya?

Akwai hukumar duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, ICAO, wadda hedkwatarta ke Montiriyal a Kanada, kuma an kafa ta bisa yarjejeniyar Cikago ta 1944. Ita ba ta yanke lamba ɗaya ga kowa ba. Abin da ta ce shi ne, kowane kamfani ya tsayar da mafi ƙarancin adadin ma'aikata ga kowane irin jirgi da yake da shi, adadin da zai isa a fitar da mutane lafiya da sauri, kuma hukumar ƙasarsa ta amince da shi. A nan Ghana hukumar ita ce GCAA. Adadin da ta amince da shi yana rubuce a kundin aikin kamfani, ba a hannun manaja ko matuƙi yake ba.

Lissafin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, ko ɓangaren 50. Haka Amurka ke yi, haka Tarayyar Turai. Jirgi mai kujera 50, irin ƙananan Embraer da ke zuwa Kumasi da Tamale, mutum ɗaya ya ishe shi a wannan lissafi. Mai kujera 78 sai biyu. Boeing 737 mai kujera 189 sai huɗu, domin ragowar 39 da suka haura 150 su ma suna cin mutum guda.

A lura da kalmar: kujera ake ƙirgawa, ba wanda ya zauna a kanta ba. Jirgi mai kujera 189 ko da fasinja 30 ya ɗauka, ƙofofinsa ba su ragu ba, kuma wuta ba ta tambayar mutum nawa ne a ciki kafin ta zaɓi gefen da za ta kama. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Kanada tana barin kamfani ya zaɓi ɗaya ga fasinja 40 ko ɗaya ga kujera 50, Ostareliya kuma a da ta daɗe tana aiki da ɗaya ga fasinja 36. Kowane kamfani dokar ƙasar da ta ba shi lasisi yake bi, ko da a filin jirginmu ya sauka.

Me ya sa 50? Daga ina aka samo lambar?

Tana da alaƙa da gwajin daƙiƙa 90. Kafin a ba sabon samfurin babban jirgi izinin ɗaukar fasinja, dole masu ƙera shi su nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, da rabin ƙofofin kawai, cikin duhu, kuma mutanen ba su san ƙofar da za ta buɗu ba. A gwajin Airbus A380 da aka yi a Hambag a 2006, mutum 873 suka fice cikin daƙiƙa 78. An ɗauki minti ɗaya da rabi ne domin bayansa wuta da hayaƙi kan fi ƙarfin mai numfashi. Adadin ma'aikatan da aka yi gwajin da su yana shiga cikin abin da hukuma ke dubawa.

A nan ina da ra'ayi, kuma zan faɗe shi. Dokar gwajin ta tanadi a sa mata, da waɗanda suka haura shekara 50, da 'yartsana uku a madadin jarirai. Amma duk da haka masu gwajin mutane ne masu ƙafafu, masu jin harshen da ake ba da umarni da shi, kuma sun san gwaji ne. Ku kwatanta da jirgin alhazai da ke tashi daga nan ko daga Tamale: tsoho mai sanda, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wanda bai taɓa shiga jirgi ba, wanda ba ya jin Turanci ko Larabci. A irin wannan jirgi, ɗaya ga 50 ƙasan tukunya ne. Ya cika doka, amma ni da zan samu iko da na ce a ƙara, kuma a sa masu jin Hausa da Dagbani a cikinsu.

A manyan jiragen Dubai da Landan na ga sun fi goma. Su wace doka suke bi?

Doka ɗaya ce, sai dai abu biyu ya ƙaru. Babban jirgi mai hanya biyu a ciki yana da manyan ƙofofi takwas ko goma, kuma akasari ana so kowace ta samu mai tsaronta lokacin tashi da sauka. Sannan tafiya mai nisa tana bukatar wasu su kwanta wasu su tsaya. Sauran kuma kamfani ne ya ƙaro su don hidimar masu tikitin tsada.

An taɓa zaunar da mu awanni wai ma'aikaciya ɗaya ba ta da lafiya. Saboda mutum ɗaya a ɓata wa ɗari da wani abu rana?

Alhaji, na san zafin wannan, domin ya taɓa faruwa da ni ina tare da ayarin 'yan kasuwa, kuma jirgin da za mu haɗa da shi a gaba ya tafi ya bar mu. Mutane sun yi faɗa har murya ta dushe. Amma kamfanin a wannan gaɓa bai yi laifi ba. In adadi ya gaza, hanya biyu ce: a kira wanda ke jiran ko-ta-kwana, ko kuma, inda doka ta yarda, a rage fasinja a toshe wasu kujeru, a rubuta wa hukuma rahoto. Hanya ta uku, wato a rufe ido a tashi, ita ce ke jawo wa kamfani asarar lasisi.

Inda za ka kama kamfani shi ne wani wuri dabam: me ya sa ba shi da mai jiran ko-ta-kwana, me ya sa ba a gaya muku gaskiya da wuri ba, ina abinci da masauki. A nan ka tsaya kan haƙƙinka. Amma kada ka matsa a tashi da ƙofar da ba ta da mai tsaro, domin watakila ita ce ta kusa da kai.

Suna hutawa kuwa? Na ga wata tana hamma.

Akwai iyakar awannin aiki da mafi ƙarancin hutu, kuma kowace hukuma tana da nata. Amurka, alal misali, ta mayar da hutun ma'aikatan ciki awa 10 cur tsakanin aiki da aiki a 2022. Wanda awanninsa suka cika ba shi da izinin ci gaba ko da ya ce zai iya. Giya kuma an hana ta aƙalla awa 8 kafin aiki, kamfanoni da yawa sun tsawaita fiye da haka, kuma ana gwaji ba tare da sanarwa ba. Ma'aikacin da ya san ba shi da lafiya ko ya gaji tiɓis, wajibinsa ne ya faɗa, ya ƙi hawa.

Wa ke da magana ta ƙarshe a cikin jirgi?

Kyaftin. Daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta, alhakin jirgi da duk wanda ke ciki yana wuyansa. Ƙarƙashinsa akwai shugaban ma'aikatan ciki, wanda ke raba wa kowa ƙofarsa kafin a tashi, ya yi musu tambayoyin gaggawa, kuma shi ne ke shaida wa kyaftin cewa ciki ya shirya. Umarnin da ƙaramar ma'aikaciya ta ba ka kan bel ko kujera ko waya, da ikon kyaftin take ba da shi.

Yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon sa a ɗaure fasinjan da ke barazana ga jirgi, ya sauke shi, ko ya miƙa shi ga 'yan sanda. An ƙara mata ƙarfi da wata ta Montiriyal a 2014, wadda ta ba ƙasar da jirgi ya sauka damar gurfanar da mai laifin. Sa hannun Nijeriya ne ya cika adadin ƙasashe 22 da ake bukata, ta fara aiki a farkon 2020. Sarauta ko kuɗi ko furfura ba sa cire mutum daga wannan.

In ma'aikaci ya ga matsala, matuƙi bai gani ba, yana da bakin magana?

Yana da shi, kuma wajibi ne a kansa. Da jini aka koyi wannan darasi.

Ranar 8 ga Janairu 1989 wani Boeing 737 na British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfas. Injin hagu ya lalace. Matuƙan, waɗanda ba sa iya ganin injin daga inda suke, suka ɗauka na dama ne, suka kashe mai lafiyar. Kyaftin ya yi sanarwa cewa matsalar a injin dama take. A baya kuwa akwai fasinjoji da ma'aikata da suka ga wuta tana fita daga na hagu da idonsu, amma labarin bai kai gaba ba. Jirgin ya faɗi a Kegworth, dab da filin East Midlands da ya karkata zai sauka, mutum 47 suka rasu. Wata biyu bayan haka, a Dryden ta Kanada, wata ma'aikaciya ta ga dusar ƙanƙara ta taru a fikafikan jirgi, wasu fasinjoji ma sun nuna damuwa, amma ba a kai maganar ga matuƙa ba, bisa tunanin cewa sun fi kowa sani. Jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 24 suka rasu.

Bayan waɗannan ne aka fara haɗa matuƙa da ma'aikatan ciki a horo ɗaya, ana koya wa na ƙasa yadda zai faɗa wa na sama abin da ya gani kai tsaye, ana koya wa na sama yadda zai saurara. Ko a lokacin tashi da sauka, da aka hana kowa damun matuƙa da zancen da ba na aiki ba har jirgi ya haura ƙafa 10,000, maganar wuta ko hayaƙi ba ta cikin hanin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma a gida wannan ado ne. A sama kuwa, in ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga mai yana zuba daga fiffike, ko hayaƙi daga ma'ajiyar kaya ta saman kai, danna ƙararrawa ka faɗa. In babu komai, ba wanda zai zarge ka. Ma'aikacin kirki ya fi son a kira shi sau goma a banza.

An taɓa samun irin wannan a hanyar Makka?

An samu, kuma biyu daga ciki ya kamata kowane maniyyaci ya sani.

Ranar 19 ga Agusta 1980 jirgin Saudia mai lamba 163 ya tashi daga Riyad zuwa Jidda. Mintuna kaɗan wuta ta kama a ma'ajiyar kaya ta baya. Matuƙin ya juyo, ya sauka lafiya lau. Sai dai bai tsaya nan take ba, ya ci gaba da tafiya a ƙasa, aka ɗauki mintuna kafin a kashe injuna, kuma ba a fitar da kowa ba. Kafin masu ceto su buɗe ƙofa daga waje fiye da minti 20 sun wuce. Duk mutum 301 da ke ciki hayaƙi ya kashe su, a jirgin da ke tsaye a kan ƙafafunsa. Allah ya jiƙan su. Yau ana koya wa ma'aikatan ciki cewa in jirgi ya tsaya cik, haɗarin ya bayyana ƙarara, kuma ba a ji daga matuƙa ba, suna da ikon fara fitar da mutane da kansu bayan sun duba waje.

Na biyu ya fi kusa da mu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don jigilar alhazan Nijeriya, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an san da haka a ƙasa, amma gaggawar cika lokaci ta rinjayi gyara. Tayoyi suka fashe a guje, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin. Daga cikin ma'aikatan ciki aka kai wa matuƙa labarin hayaƙi a baya, amma wutar ta riga ta ci. Mutum 261 suka rasu, ba wanda ya tsira. Har yau akwai gidaje a ƙasar Sakkwato da ke tuna ranar. Na kawo wannan ne don a gane cewa alhakin tsaro ba ya farawa daga ƙofar jirgi. Makaniki, da mai tsara lokaci, da manajan da ke cewa a yi sauri, duk suna cikin sarƙar, kuma ma'aikacin ciki shi ne zobe na ƙarshe, wanda ke gadon kuskuren kowa.

Gaskiya ne in an ce a fita ba a ɗaukar ko jakar hannu? Fasfona da kuɗin sarina fa?

Hajiya, gaskiya ne. Ranar 2 ga Janairu 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokiyo, ya kama wuta. Na'urar magana ta ciki ta daina aiki, ma'aikatan suka koma ga murya da lasifikar hannu. Cikin ƙofofi takwas uku kawai suka buɗe, domin sun leƙa sun ga wuta a sauran. Duk mutum 379 suka fita da rai, jirgin kuma ya ƙone ƙurmus. Abin da duniya ta lura da shi a hotunan shi ne hannayen mutanen babu kaya. A Mosko kuwa, ranar 5 ga Mayu 2019, an ga waɗanda suka fito daga jirgin Aeroflot mai cin wuta riƙe da jakunkuna, mutum 41 kuma ba su fito ba.

Buɗe ma'ajiyar sama yana tsayar da layi gaba ɗaya. Jaka tana iya yaga tsanin robar da ake zamewa a kansa, haka ma takalmi mai tsini. Dabarar da nake ba matafiyana ita ce: fasfo da kuɗi da waya da maganin da ba a rabuwa da shi su kasance a jiki, a lalitar ɗamara ko aljihun ciki, tun daga gida. Abin da ke jikinki ya fita tare da ke, sauran a bar shi.

Me ya sa aka tayar da Baba daga kujerar bakin ƙofa alhali mun biya?

Wanda ya zauna a wurin yana iya zama mai buɗe ƙofar. Dole ya kasance mai ƙarfi, mai gani da ji, mai fahimtar harshen ma'aikatan, ba ya riƙe da yaro, kuma ya yarda zai yi. In Baba bai cika waɗannan ba, ma'aikaciyar da ta bar shi a wurin ita za a tuhuma. Ku nemi kamfani ya mayar da kuɗin kujerar.

Lokacin salla ya yi, na tashi, aka ce in koma in zauna. Wannan ba hana ibada ba ne?

A'a, Malam. In fitilar bel tana kunne, ba a barin kowa a tsaye, mai salla ko mai zuwa bayi. Iskar da ke girgiza jirgi wani lokaci ba a ganinta ko a na'ura. A watan Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya faɗa cikin irinta, waɗanda ba su ɗaure ba suka bugi rufi, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji munanan raunuka, aka karkata zuwa Bankok. Sannan hanyar tsakiya da bakin ƙofa su ne mafita, ba a tare su.

Wasu jirage, kamar manyan na Saudia, suna da wurin salla a baya. Inda babu, malamanmu sun yi bayanin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, da haɗa salloli ga matafiyi, sai a tambaye su kafin ranar tafiya. Alwala kuma a yi ta a ƙasa in da hali. Ruwan da ake malalarwa a bayin jirgi yana sa santsi, kuma ƙarƙashin daɓen akwai wayoyin lantarki. In ka gaya wa ma'aikaci da ladabi cewa kana son yin salla, akasari shi zai gaya maka lokacin da ya fi dacewa.

Sun ce in sa abin numfashi a fuskata kafin in sa wa ɗana. Wace uwa za ta iya haka?

Uwar da ke son ɗan ya rayu. A tsayin ƙafa 35,000, in iskar ciki ta fice, hankalin mutum ba ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 60 yana aiki daidai. In kika suma kina kokawa da nasa, ku biyu ba mai taimakon wani. In kin sa naki, ko ya suma zai farfaɗo da zarar kin sa masa.

Haka rigar ruwa: a sa ta a ciki, amma kada a hura sai a bakin ƙofa. A 1996 jirgin Ethiopian da aka yi fashinsa, wanda Legas da Abijan ke cikin zangonsa, ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros. Mutum 125 cikin 175 suka rasu, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka hura rigar tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya manne da rufi. Bayanin minti uku da ake yi kafin tashi, wanda muke latsa waya lokacinsa, waɗannan abubuwa ne a ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

To su in sun yi sakaci, wa ke hukunta su?

Hawa-hawa ne. Kamfani yana da masu duba aiki da ke hawa jirgi, yana iya dakatarwa ko kora. Hukuma, wato GCAA ga kamfanonin Ghana, tana da sufetoci, tana iya janye takardar shaidar ma'aikaci, ta ci kamfani tara ko ta hana shi tashi, kuma tana da ikon duba jiragen waje da suka sauka a nan. Kowane ma'aikaci yana komawa horo da jarrabawa duk shekara, wanda ya faɗi ba ya hawa sai ya ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai ganganci ko maye, kotu na nan.

Binciken haɗari kuwa dabam yake. Ghana ta kafa hukumarsa mai zaman kanta da dokar 2020, ana kiranta AIB. Bisa ƙa'idar ICAO, manufar irin wannan bincike hana maimaituwa ce kawai, ba ɗora laifi ba. Mutane kan ji wannan su ce an rufa wa wasu asiri. Ni ban gan shi haka ba. Ma'aikaciyar da ta manta ta ɗana tsanin ƙofarta, abokin aikinta ya gano, in ta san kora ce sakamakon faɗa, za ta yi shiru, kuma ba za a taɓa gano cewa tsarin ne ke sa mutane mantuwa a wannan gaɓa ba. Shi ya sa ake bambanta kuskuren da aka yi aka bayyana da ganganci ko ɓoyewa. Na farko gyara ake yi, na biyu hukunci. Abin da nake ƙi shi ne kamfanin da zai tsuke ma'aikata da jadawali mai gajiyarwa, ranar da abu ya faru kuma ya nuna ƙaramar yarinya ya ce ga mai laifi.

Ma'aikaci ya wulaƙanta ni, ko na ga abin da bai dace ba. Ina zan kai ƙara?

A cikin jirgi ka nemi shugabansu, cikin natsuwa. Kada ka ɗaga murya ko ka taɓa kowa, domin nan take mai ƙara ke komawa wanda ake ƙara. Ka riƙe katin shiga jirgi, ka rubuta lambar jirgi da rana da lambar kujera da abin da ya faru. Ka rubuta wa kamfani, in bai amsa ba ka kai wa GCAA, wadda ke karɓar koken matafiya. In abin ya shafi tsaro, kamar ƙofa ba mai tsaro lokacin sauka ko ma'aikaci yana warin giya, kai wa hukuma kai tsaye. A tafiyar ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, kamfani ne ke ɗaukar diyyar rauni, ba ma'aikacin daga aljihunsa ba. Wa'adin shigar da ƙara shekara biyu ne, lalacewar kaya kuma a rubuta cikin kwana 7.

Malam, 'yata ta gama sakandare tana son wannan aiki. Mahaifinta yana ɗari-ɗari. Me za ka ce?

Hajiya, ki gaya wa Alhaji aiki ne na tsaron rayuka, kuma zango yana bukatar 'ya'yansa a cikinsa, mata da maza. Duk lokacin aikin Hajji ina kallon tsofaffinmu suna gyaɗa kai ga bayanin da ba su ji ko kalma ɗaya ba. Murya ɗaya da za ta ce "Baba, bar jakar, biyo ni" da Hausa tana iya yin abin da ma'aikata uku ba za su yi da Turanci ba.

Abin da ake nema akasari: shekara 18 ko fiye, wasu kamfanoni 21, takardar sakandare, Turanci mai kyau, lafiyar da likita ya tabbatar, tsayin da hannu zai kai ma'ajiyar sama, da iya iyo. Iyon nan shi ke kayar da yaranmu da yawa, don haka ta fara koyo tun yanzu. Larabci ko Faransanci ƙari ne babba. Wahalarsa ma a faɗa mata: kwanan waje, aiki ranar Salla, tsayuwar awanni, da haƙuri da fasinja mai zafin kai. Batun sutura da rabon giya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, akwai masu yarda da ɗankwali ko hijabi, akwai waɗanda ba sa ɗaukar giya sam, sai ta bincika kafin ta nema.

A kiyayi masu cewa a turo kuɗi ta waya su samo mata gurbi a Dubai ko Doha. Manyan kamfanoni ba sa karɓar kuɗin neman aiki, a shafinsu na intanet suke sanarwa. In kuma makarantar horo za ta shiga a nan gida, kafin a biya ko sidi ɗaya a je ofishin GCAA da ke harabar filin jirgi a tambaya ko hukuma ta amince da makarantar.